Kujerun da Suka Sayi Firiza

A layin da yake aiki ba wanda ke kiransa da sunan da iyayensa suka raɗa masa. Sai-Ta-Sauka ake ce masa, manya da yara, har mai kawo takardar kuɗin wuta. Daga bakinsa sunan ya fito. Duk abin da aka nuna masa a kasuwa sai ya ɗauka, ya juya shi, ya tambayi kuɗi, ya ajiye a hankali, ya ce, "To, madalla. Sai ta sauka." Kasuwar yake nufi.

Gyaran kujeru ne sana'arsa. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a bakin titi, mai faɗin ƙofa, kullum cike da kujeru a kife ƙafafu sama, ga soso jibge a lungu har yana taɓa rufi. Dogo ne siriri, ya haura hamsin, tef ɗin awo ba ya barin wuyansa. In yana aiki yakan cika bakinsa da ƙananan ƙusoshi yana zaro su ɗaya bayan ɗaya, don haka mai son hira da shi sai ya jira ƙusoshin su ƙare. Tsohuwar ƙusa in ya cire ba ya yar da ita, miƙar da ita yake yi da guduma ya jefa a gwangwani. Guntayen soso da na yadi kuwa matashin kai suke komawa.

Yadda yake sayayya shi ne abin da maƙwabta suka fi ba da labari. Fanka a tsakiyar sanyi yake saye. Bargo sai zafi ya yi zafi, lokacin da mai shago ke neman wanda zai raba shi da shi. Lema kuma sai ruwa ya ɗauke. Ranar da aka biya shi kuɗin aiki ba ya bi ta kasuwa, gida yake wucewa kai tsaye, don a cewarsa kuɗin da bai kwana a gida ba bai san mai shi ba tukuna. Da haka ya yi wa 'ya'ya uku makaranta, kuma a duk layin ba wanda zai ce yana binsa ko kwabo.

Na tambaye shi inda ya koyi tsoron bashi. Ya tofar da ƙusoshin a tafin hannunsa kafin ya amsa.

"Ina saurayi na karɓi rediyo a wajen wani mai shago, a kan zan riƙa biya duk ƙarshen wata. Rediyo mai kyau, ja, da doguwar eriya. Wallahi ban taɓa jin daɗinta ba. In na kunna, mai labarai na magana, ni muryar mai shagon nake ji. Ga shagon nasa a kan hanyata ta zuwa aiki. Watan da aiki ya ja baya sai na koma zagayawa ta bayan layi, ta bakin kwata. Kafin in gama biya takalmina ya cinye. Ka ga ashe rediyo da takalmi na saya."

Matarsa ƙanƙara take sayarwa, kowa Mai Ƙanƙara yake ce mata. Gajeriya ce mai saurin baki, faɗa da dariya a tare suke fito mata. Da rana take ɗura ruwa a leda ta jera a firiza, gari na wayewa ta kai wa matan da ke sayar da ɗanyen kifi a kasuwa. Su ne jarinta na gaskiya. Sauran masu saye jefi-jefi ne, amma masu kifi kullum ne, kuma a hannu suke biya. Shekaru ta yi tana haɗa su ɗaya bayan ɗaya.

A farkon zafin bara, wata safiya, ta ɗaga murfin firizar ta tarar da ledojin suna iyo a cikin ruwa. Mai gyara ya zo, ya kwanta a ƙasa ya leƙa, ya tashi yana kaɗe gwiwa.

"Hajiya, inji ya ƙone, gindin kuma tsatsa ta gama da shi. In na sa miki sabon inji a nan, kuɗinki kawai za ki zubar."

Ba ta tsaya jimami ba. Ta ɗauki kuɗin da take ajiyewa, ta nufi kamfanin ƙanƙara da ke bayan kasuwa, ta saro, ta kai wa masu kifi a kan farashinta na kullum. Ba riba, har da 'yar asara, domin kafin ta isa kusan kashi ɗaya cikin huɗu ya narke a hanya. Shugabar matan, wadda ake kira Uwar Kifi, ta dubi ƙanƙarar ta gane ba ta gida ba ce.

"Ƙawata, firiza ta mutu ke nan?"

"Ta kwanta dai."

"Allah ya tashe ta. Amma bari in gaya miki tun da wuri, mai motar kamfani kullum sai ya zo yana mana daɗin baki, wai mu yarda shi kaɗai zai riƙa kawo mana har zafi ya wuce. Ni na hana. To ranar da kika zo hannu biyu, ba zan iya hanawa ba. Kifi ba ya san zumunci."

Mai Ƙanƙara ta dubi abin da ya rage mata, ta ga da ƙyar zai kai ta mako biyu a haka.

Da yammacin ranar ƙaninta ya iso gidan. A wani babban shagon kayan wuta yake aiki, aikinsa shi ne shawo kan mutane su ɗauki kaya su riƙa biya duk wata. Shi ya sa Sai-Ta-Sauka ya laƙaba masa Kaɗan-Kaɗan, suna kuma ya bi shi. Ya shigo da fara'arsa, yana nuna hoton firiza a waya.

"Yaya, share hawayenki. Gobe-goben nan za a kawo miki sabuwa dal a kwali. Ba sai kin ba da komai ba yanzu."

"Sannu da zuwa, Kaɗan-Kaɗan," in ji maigidan. "In an gama biya, nawa ta kama?"

"Haba Yaya, ai ba a duba wannan."

"Ni kuwa shi kaɗai nake dubawa."

Da aka matsa masa ya faɗa. Kuɗin firiza ɗaya ne da rabin wata firizar.

"Rabin ɗayar a ina za ku ajiye mana ita? Ko ita ma a kwali za ta zo?"

"Kai dai Yaya ba ka son ci gaba. Duniya duk haka ake yi yanzu."

"Yanzu zafi ne, kowa firiza yake nema, dole ta yi tsada. A bari dai, sai ta..."

Bai ƙarasa ba. Mai Ƙanƙara ta ajiye bokitin da ke hannunta da ƙarfi har ruwa ya fantsama.

"Malam, kar ka ƙarasa min wannan maganar a cikin gidan nan! Bargo na jira, fanka na jira, labule ma sai da na shekara ina jira. Kifin mutane fa? Shi ma jira zai yi sai sanyi ya shigo? Na ba ka mako guda. In ba ka samo mafita ba, zan bi ɗan'uwana in sa hannu da kaina, bashin kuma a gidanka zai kwana."

Ya san ta. In ta faɗa, ta gama.

Abin da ya fara yi tun da asuba shi ne akwati. Ya haɗa guntayen katako, ya shimfiɗe cikinsa da ragowar soso, ya lulluɓe da leda mai kauri, ya yi masa murfi mai kamawa. Ranar ƙanƙarar da ta saro ta isa kasuwa kusan yadda ta ɗauko ta. Ta dawo ba ta ce masa ya kyauta ba, amma an ga ta ƙara masa nama a kwano.

Daga nan ya rufe shago ya shiga gari. Ba shagunan sayar da firiza ya nufa ba. Mai gyaran kujera yana da wata dama da sauran mutane ba su da ita: ta ƙofar baya ake shigar da shi. Ya san sito na otal, ya san lungun ofis inda ake jibge abin da aka gaji da shi, ya san bayan gidajen masu hali. Ya bi tsofaffin abokan cinikinsa ɗaya bayan ɗaya, yana gaisuwa, idonsa kuma yana aiki. Ya ga injin wanki da ya mutu, ya ga keken ɗinki ba ƙafa, ya ga firji biyu da ɓeraye suka mayar gida. Kwanaki suka tafi a haka, ƙafafunsa suka yi futu-futu, matarsa kuma ta fara amsa wayar ƙaninta a gabansa da gangan.

Mako na gab da cika ya shiga wani gidan abinci da ke kusa da tashar mota. Mai wurin wata Hajiya ce mai jiki da murya, ta taɓa kiransa ya duba mata kujeru, da ta ji kuɗin ta ce a bari tukuna. Yana bin lungun da ke tsakanin kicin da bayan gida sai ya ci karo da wani dogon abu da aka jera wa buhunan albasa da tarin faranti. Ya ɗauka tebur ne. Da gwiwarsa ta buge shi ya ji ƙarar ƙarfe.

"Hajiya! Wannan fa?"

"Wannan jarabar? Firiza ce. Tun da kamfanin lemo suka kawo min masu gilashi na daina kunna ta. Maƙalin murfin ya karye, robar bakin ta yage. Injin dai lafiyarsa lau."

Suka sauke albasa, aka jona ta da wuta. Firizar ta yi kamar ba za ta tashi ba, sannan ta ɗauki gurnani a hankali. Ya sa tafin hannu a jikin bangonta na ciki ya tsaya. Da sanyi ya fara cizon yatsunsa, in ji Hajiya, sai ta ga dattijo yana dariya shi kaɗai kamar wanda aka yi wa albishir da haihuwa. Firizar ta ninka tasu ta gida girma.

"In kana so ka yi sauri," ta ce. "Ƙarshen mako mai zuwa magina za su zo su yi min wurin wanke-wanke a lungun nan. Mai sayen tsofaffin ƙarafa ya riga ya taya."

Ya juya ya dubi ɗakin cin abincin. Kujeru wajen arba'in, kusan kowace soso ya leƙo, wasu an ɗaure da tsumma, wata an ɗora mata kwali.

"Hajiya, ba ni da kuɗin firiza, ke kuma kin ce ba ki da kuɗin kujeru. In gyara miki su duka, soso nawa, yadi nawa, ki ba ni ita."

"Duka?"

"Har wadda aka ɗora wa kwali."

Ta tafa hannu. "Jiya-jiyan nan ƙusa ta yaga wa wani direba wando, har yanzu kunnena bai huta ba. Na yarda! Kira mota ka ɗauke ta yau, kujeru ka yi su a hankali."

A nan ne Sai-Ta-Sauka ya yi abin da shi kaɗai zai iya yi. Ya ce a'a.

"A'a me?"

"Ba zan ɗauka ba sai na gama kujera ta ƙarshe. In na ɗauka yau, kina bina kujeru arba'in ke nan. Aikin da ba a yi ba ai shi ma bashi ne."

"Malam, ni na ce na yarda da kai."

"Na gode. Mai rediyo ma ya yarda da ni."

Hajiya ba ta san zancen rediyo ba, ta dai bi shi da kallo. Ya koma gida baki har kunne ya ba da labari tun daga albasa. Mai Ƙanƙara ta miƙe tana murna, har ta fara neman lambar mai mota, sai ya kai ƙarshen labarin. Ta zauna.

"Maimaita min. An ce ka ɗauka."

"An ce."

"Kyauta ba a ce ba, sata ba a ce ba. An ce ka ɗauka, ka ce a'a."

"Kwana nawa ne, uwar gida? In na dage..."

"Kuɗin sarin da ya rage min ba zai kai ni can ba! Kai wane irin mutum ne? Ruwa ya zo har bakinka ka ce sai ka wanke kofi?"

Ta yafa mayafi ta fita. Ya bi ta a baya yana faɗin ta tsaya su yi magana, don ya ɗauka wajen ƙaninta za ta. Ba ta waiwaya ba sai a gidan abincin. Ta gaida Hajiya, ta shiga lungun, ta ɗaga murfin, ta zura kai ciki, ta ƙwanƙwasa ko'ina kamar mai sayen kankana. Da ta ɗago fuskarta ta sauya.

"Hajiya, firizar nan taki ce har yanzu, ko ba haka ba?"

"Mijinki ya ce tawa ce."

"To haya nake so. Ta zauna inda take. In zo da rana in zuba ruwana, in kwashe da safe. Kuɗin wuta da na wuri kuma in biya ki da ƙanƙara, kullum, kafin in fita da ko ɗaya. Masu cin abincinki ba sa son ruwan sanyi?"

"Kamar me! Na gilashin nan ba sa daskarar da komai."

Mai Ƙanƙara ta juya wajen mijinta. "Malam mai tsoron bashi, wannan fa? Akwai bashi a ciki?"

Ya tsaya yana juya maganar kamar yadda yake juya kaya a kasuwa. Ya duba ta sama, ya duba ta ƙasa.

"Babu," ya ce.

"To ɗauko tef ɗinka ka gyara min murfi."

Kafin rana ta faɗi wani mai walda, maƙwabcin shagonsa, ya ɗinke maƙalin, shi kuma ya yanko roba ya manne bakin, ya ƙara da ɗamarar da yake ɗaure gindin kujera da ita don murfin ya kama gam. Ta jera ledojinta, suka rufe, suka tafi.

Washegari tare suka zo, ko karyawa ba su yi ba. Ta kama murfin ta kasa ɗagawa, ba don nauyi ba. "Ɗaga kai," ta ce. Ya ɗaga. Hayaƙin sanyi ya taso musu a fuska. Ta ɗauko leda ɗaya ta buga a gefen firizar, ta yi ƙara kamar dutse. Ta yi ihu har mai wanke-wanke ta saki faranti. Ta ware na Hajiya tukuna, ta cika akwatin soso, ta ce wa mijinta ya matsa mata daga hanya.

A kasuwa Uwar Kifi ta ɗauki ɗaya ta auna a hannu. "Wannan ta gida ce. Firiza ta tashi?"

"Yayarta ce ta zo."

Saura kujeru. Nan ma akwai matsala, domin gidan abinci ba ya rufewa. Ba a kwashe kujeru duka a bar mutane su ci a tsaye. Sai ya riƙa ɗaukar kaɗan da sassafe a baro, ya dawo da su kafin cunkoson rana, ya ɗauki wasu. Yadin da ya fito da shi wani bandir ne da ya saya a ƙarshen shekara, lokacin da wani dila ke neman kai da shi don ba wanda ke son launin. Ruwan lemo ne mai haske. Da kujerun farko suka iso Hajiya ta kare ido da hannu.

"Malam, wannan ai sai a ci abinci da tabarau!"

"Ki bari direbobi su gani. Daga cikin tasha za a riƙa hango gidanki."

Haka kuwa aka yi. Masu cin abinci suka fara rububin sababbin kujerun, har ana jiran wani ya tashi alhali ga tsofaffi babu kowa.

Amma hannu biyu ba su isa ba. Kowace kujera sai an cire tsohon yadi, an zare ƙusoshi, an yanka soso, an ja, an buga. Mako ya raba tsakiya bai kai rabi ba. Mai sayen ƙarafa ya sake leƙowa gidan abincin, ya shafa firizar, ya ƙara kuɗi a kan tayinsa na farko. Hajiya ta gaya wa Sai-Ta-Sauka ba ɓoye-ɓoye: ita ta fi son kujeru, amma ranar da magina suka iso lungun nan sai ya zama fili, ko ta wace hanya.

Mai Ƙanƙara ta fara zuwa shagon in ta dawo daga kasuwa. Ya ba ta filaya ya nuna mata yadda ake zare ƙusa ba a fasa katako ba. Ranar farko ta fasa biyu ta ce katakon ne ba shi da kirki. Rana ta biyu ta fi shi sauri. Ana cikin haka Kaɗan-Kaɗan ya biyo, cikin farar riga da turare, ya tsaya a bakin ƙofa yana girgiza kai.

"Subhanallahi. Yayata da filaya? Duk a kan sa hannu ɗaya?"

"Sannu ɗan gayu," in ji maigidan, baki cike da ƙusa. "Shigo daga rana."

"Da kun bi tawa da yanzu kuna kwance kuna shan iska."

"Auta," in ji yayarsa, "wa ya goya ka?"

"Ke ce, Yaya."

"Wa ya wanke maka tsumma?"

"Yaya, a gaban mutane?"

"Cire rigar nan ka kama almakashi."

Ya cire. Ya yi ta mita yana yanka soso, yana cewa in abokan aikinsa suka gan shi ya shiga uku. Washegari ba wanda ya kira shi, sai ga shi ya dawo da tsohuwar riga a leda, wai yankan da maigidan ke yi ba ya miƙewa. Mai shayin da ke gefe ya riƙa turo musu da zafi-zafi, mai walda ya ɗauki ɗaure ƙafafun da suka yi lako-lako. Duk mai wucewa sai ya leƙo ya tambaya, "Saura nawa?"

Ranar da magina suka iso da buhunan siminti, saura kujeru biyu. Sai-Ta-Sauka ya kwaso kayan aikinsa ya zauna a ƙofar gidan abincin ya ƙarasa su a nan, shugaban maginan na tsaye a kansa yana duba agogo, mai sayen ƙarafa kuma na zaune a kan babur ɗinsa a tsallaken titi. Da ya buga ƙusar ƙarshe ya juya kujerar ya ajiye a gaban Hajiya. Ta zauna da dukkan nauyinta, ta ɗan yi tsalle a kai, ta sake yi.

"Malam," ta ce, "kwashe firizarka ka ba ni wuri!"

Direbobin da ke cin abinci suka ɗauki tafi. Su ne ma suka taso suka kama, aka ciccibe ta da "ɗaya, biyu" aka ɗora a motar kaya. Mai Ƙanƙara ta shiga gaba, maigidan da Kaɗan-Kaɗan suka hau baya suna riƙe da ita, duk wanda suka wuce sai Kaɗan-Kaɗan ya ɗaga masa hannu kamar shi ya saya. Da suka shigo layin gida maƙwabta suka fito. Aka sauke, aka nufi ƙofa, aka tura.

Ta ƙi shiga.

Aka juya ta ta gefe, ta ƙi. Aka cire ƙyauren, aka sake gwadawa, saura kamar faɗin tafin hannu. Mutane suka yi cirko-cirko. A hankali idanu suka koma kan tef ɗin da ke rataye a wuyan Sai-Ta-Sauka, mutumin da ba ya karɓar aikin doguwar kujera sai ya je gidan mai ita ya auna ƙofa. Kaɗan-Kaɗan ne ya fara. Ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki.

"Yaya! Kujera arba'in! Ka auna soso, ka auna yadi, ka auna ni, ba ka auna ƙofar gidanka ba!"

"Tashi ka ba mutane wuri," in ji maigidan, amma shi ma gemunsa na rawa.

Wani ya ce a fasa bango. Gidan haya ne, ba mai fasa bangon wani. Wani ya ce a bar ta a waje a yi mata rumfa, aka tuna masa ɓarayin wayar wuta. Mai Ƙanƙara ba ta cikin masu dariya. Rana ta take, ledojinta na nan a bokiti, in ba su shiga sanyi kafin la'asar ba gobe hannu biyu za ta je kasuwa, kuma ta san abin da ke jiranta a can.

"Malam," ta ce, "ƙofa mai faɗi guda ɗaya na sani a duniyar nan."

Ya dube ta. Ya gane. "Shagona? Ina zan kai soso? Ina zan zauna?"

Ta ɗaga murya. "Mai mota, kar ka tafi! A mayar da ita sama!"

Aka mayar. Ayarin ya juya, har da waɗanda ba su san abin da ake ciki ba. A shagon aka fito da soso da kujeru aka tara a bakin titi, firiza ta shige ba ta ko goga ba, ta cinye rabin ɗakin. Kafin a jona ta Mai Ƙanƙara ta tsayar da kowa, ta kwance bakin zaninta, ta ƙirgo kuɗi ta miƙa wa mijinta.

"Na mene ne?"

"Hayar yau da kuɗin wuta. Ba na kwana da bashin kowa, ko na miji."

Ya karɓa, a gaban jama'a, ya sa a aljihu. Aka jona. Gurnanin ya tashi, ta fara jera ledoji tana ba da umarni a miƙo mata bokiti na gaba.

Da safe ƙanƙara ta isa kasuwa a kan lokaci, haka kuma ta ci gaba da isa har zafi ya wuce. Masu kifi ba su koma wajen mai motar kamfani ba. Da yake shagon a bakin titi yake, masu sayar da lemo da masu zuwa asibitin da ke gaba suka gano wurin, ciniki ya ƙaru a kan na da.

Ranar da na je na tarar da Sai-Ta-Sauka a waje, ƙarƙashin wata rumfa da ya kafa a gaban shagon, yana jan yadi a kan wata kujera. A nan yake aiki yanzu. Ya nuna min cikin ɗakin da haɓa.

"Ka gani ko? Shekara da shekaru ina cikin shagon nan, an kore ni da rana tsaka."

Daga ciki, kai a cikin firiza, Mai Ƙanƙara ta amsa.

"Ana biyan ka, Malam! Matso da kujerar nan, ka tare wa masu saye hanya."